Da Wace Na'ura Za A Ɗauki Hoton Malam-Buɗe-Littafi A Farkon Daminar Sakkwato?

Abin da ke yanke hukunci a hoton malam-buɗe-littafi shi ne tazara: taku nawa ƙwaron zai bari ka matso kafin ya tashi, kuma daga inda ka tsaya ɗin, me na'urar da ke hannunka za ta iya kamawa. A kan wannan ma'auni nake so a auna na'urori uku da mai sha'awar wannan aiki zai iya samu a Sakkwato, wato wayar hannu, da kyamara mai dogon zuƙo wadda ba a cire mata gilashi, da kuma babbar kyamara wadda ake sauya wa gilashi. Yawan kuɗin na'ura da yawan lambobin da aka rubuta a jikin kwalinta duk suna bayan wannan.

Sai dai kafin a kai ga na'ura, dole a san lokacin da ake magana a kai. Ruwan farko yakan sauka mana a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, bayan bazarar da zafinta kan haura digiri 40, kuma ruwan shekara gaba ɗaya yakan tsaya tsakanin milimita 600 zuwa 700, mafi yawansa a Yuli da Agusta. A makonnin farko na damina malam-buɗe-littafi bai kai ga yawansa ba, wannan sai wajen Satumba da Oktoba lokacin da ciyawa ta yi fure. Amma farkon damina yana da tasa falala. Ciyawa gajera ce, ba ta tare ido, kuma waɗanda ke akwai suna taruwa a wurare kaɗan da aka sani: lambunan fadamar Rima wajen Kwalkwalawa, gefen tafkin Kware, mashayar shanu, gindin famfo mai yoyo, da duk inda ƙasa ta jiƙe ta daɗe ba ta bushe ba. Matsalar ita ce zafi. Malam-buɗe-littafi ba ya samar da isasshen ɗumin jiki da kansa, sai rana ta gasa shi kafin ya iya tashi da ƙarfi, shi ya sa masu hoto na ƙasashen sanyi suke samun sa'o'i da safe suna matsowa kusa da shi yana zaune bai motsa ba. Mu daren Yuninmu ma da ɗumi yake wayewa. Rana na fitowa bayan ƙarfe shida da 'yan mintuna, kafin takwas ya riga ya warware yana shawagi. Idan ba safiyar da aka kwana ana ruwa ba ce, ko ranar da hadari ya rufe sama, damar matsowa dab da shi ƙarama ce ƙwarai, kuma wannan gaskiyar ita ce ta fi komai tasiri a kan zaɓin da zan ba da shawara a kai.

Su ma ƙwarin halinsu ya bambanta. Wanda ya fi kowa haƙuri da mutum shi ne mai launin ruwan lemu da baƙin gefe da ɗige-ɗigen fari, wanda masana ke kira Danaus chrysippus; irin namu na yammacin Afirka fukafukansa na baya fari ne. Tsutsarsa ganyen tumfafiya take ci, tana tara dafin itacen a jikinta, dafin kuma ya bi ta har bayan ta yi fiffike, saboda haka tsuntsaye ba sa son cin sa, shi ma bai damu da gudu ba, tashinsa a hankali yake. Akwai wata macen wani jinsi dabam, Hypolimnas misippus, wadda ta kwaikwayi kamarsa har sai an duba da kyau ake rabewa, alhali namijinta baƙi ne mai manyan fararen tabo da shuɗi ya kewaye. Farare kuwa, irin Catopsilia florella da tsutsarsa ke cin tafasa da rai-ɗore, da Belenois aurota mai cin anza da danginta, da ƙananan Colotis masu ja ko ruwan lemu a ƙarshen fiffike, ba su cika zama ba sai a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. A nan mazansu ke jeruwa suna tsotsar gishirin da ke cikin laka ko inda dabba ta yi fitsari, kuma inuwarka kaɗai in ta faɗa musu ta isa ta watsa su. Babban baƙin nan mai ɗige-ɗigen rawaya na gindin lemu, Papilio demodocus, ko yana shan fure ba ya daina kaɗa fiffike. Sannan ga ƙananan shuɗɗa da faɗinsu bai wuce santimita 2 ba, irin Tarucus da ke manne wa magarya da Azanus da ke bin furen bagaruwa da danginta. Na'urar da ta ishi na farko ba lallai ta ishi na ƙarshe ba.

Waya ita ce ke aljihun kowa, kuma ban yarda a raina ta ba. Gilashinta na ainihi mai faɗin gani ne, an yi shi don ɗaukar mutane da wuri, saboda haka kafin ƙwaro mai faɗin santimita 7 ya cika wani kaso mai kyau na hoton sai ka kai wayar kamar taƙi ɗaya daga jikinsa. Na tumfafiya yakan yarda da haka, musamman idan ka zo daga ƙasa-ƙasa, a hankali, rana tana gabanka ko a gefe yadda inuwarka ba za ta hau shi ba. Tsutsa da ƙwai da wanda bai daɗe da fitowa daga kwansonsa ba yana shanya fiffike, su ma duk na waya ne. Amma fararen bakin laka da ƙananan shuɗɗa za su wahalar da kai, domin kafin hannunka ya isa sun tashi, idan kuma ka ja hoton da yatsu biyu don ya matso, a mafi yawan wayoyi ba zuƙowa ta gaskiya ake yi ba, yanko tsakiyar hoton kawai ake yi a faɗaɗa shi ya koma dishi-dishi. Gara ka ɗauka da cikakken ƙarfin kyamarar, megafiksel 48 ko 50 idan wayar tana da shi, ka yanke daga baya. Ƙaramar kyamarar makro, wato ta ɗaukar ƙananan abubuwa dab da su, mai megafiksel 2 da ake sa wa wayoyi masu araha ba ta da amfanin kirki, haka nan gilashin makro da ake maƙala wa waya yana buƙatar ka kai santimita biyu ko uku daga abin, wanda ya yi daidai da tsutsa amma ba da mai fiffike ba. Wata dabarar da ke ceton mai waya ita ce ya ɗauki bidiyo na 4K ya ciro hoto ɗaya daga ciki, wanda ke ba da kusan megafiksel 8, ya wadatar a gane jinsi.

Inda waya ta fi sauran biyun shi ne ajiye shaida. Tana rubuta rana da sa'a da wurin da aka ɗauki hoton, kuma nan take za ka iya ɗora shi a manhajar iNaturalist inda masu sani za su taimaka da sunan jinsin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Najeriya tana da jinsin malam-buɗe-littafi fiye da 1,000, mafi yawansu a dazuzzukan kudu, kuma hankalin masu bincike can ya fi karkata, saboda haka hoto ɗaya mai kwanan wata daga Wamakko ko Bodinga yana da daraja ko da bai yi kyan da za a rataye shi a bango ba. Illarta a rana kuwa sananniya ce: fuskar ba ta ganuwa, wayar ta yi zafi ta rage gudu, batir ya zube.

Kyamara mai dogon zuƙo ita ce mutane suka fi ruɗuwa wajen saye, domin kowa lambar zuƙon yake dubawa. Nikon P900, misali, tana zuƙowa sau 83, abin da ke burge mai kallon tsuntsaye, amma idan ka ja ta har ƙarshe ba ta iya saita gani a kan abin da bai kai nisan kusan mita 5 ba. Panasonic FZ300 sau 24 kawai take zuƙowa, amma a ƙarshen zuƙonta tana kama abin da ke nisan mita 1, an kuma toshe jikinta don ƙura da yayyafi. Ga mai bin malam-buɗe-littafi ta biyun ta fi dacewa nesa ba kusa ba. Lambar da ya kamata ka nema a takardar kowace irin wannan kyamara ita ce mafi ƙarancin nisan da take saita gani a dogon zuƙo. Duk wadda ta buƙaci fiye da mita biyu, ta tsuntsu ce.

Alherin wannan kyamara a ƙasarmu shi ne ba a buɗe cikinta. Duk wanda ya san yadda hadarin farkon damina yake zuwa, iska ta fara tasowa da jar ƙura daga gabas kafin ɗigon farko ya sauka, ya san darajar na'urar da ba sai an cire mata gilashi a fili ba. Tana da ƙaramar tagar da ake kafa ido a duba, wadda ke magance matsalar hasken rana, ba ta da nauyi sosai, kuma daga mita ɗaya da rabi za ka ɗauki jerin fararen da ke bakin laka ba tare da ko ɗaya ya motsa ba. Rauninta yana a farantin da ke karɓar haske a cikinta, wanda a yawancinsu bai wuce milimita 6 da 4.5 ba. Ƙanƙantarsa tana da amfani ɗaya, wato fiffike da kai da ƙahonni sukan fito a fili tare, amma idan haske ya yi ƙasa hoton yana yin tsakuwa-tsakuwa, kuma farin fiffike a tsakar rana yana ƙonewa ya rasa zanen jijiyoyinsa, sai an riƙa rage hasken hoton da hannu kafin a danna. Ba ta da saurin bin abin da ke tashi. Mai son hoton ƙwaro a sama zai sha takaici da ita.

Babbar kyamara mai sauya gilashi ita ce masu hoton biki suke riƙewa, irin Canon 600D da 700D ko Nikon D3300 da D5300, kuma saboda haka ana samun ta hannu, ana samun batir da caja, ana kuma samun wanda ya san ta a cikin gari. Farantinta na haske ya kai kimanin milimita 23 da 15, ya ninka na mai dogon zuƙo fiye da sau goma, shi ya sa take fitar da ƙananan ɓawon da ke jere a kan fiffike ɗaya bayan ɗaya, bayan hoton kuma ya narke ya zama launi ɗaya mai laushi. Sai dai jikin kyamarar rabin magana ne. Gilashin 18-55 da ake sayar da ita da shi bai fi waya ba ta fuskar tazara, saboda haka ainihin zaɓin yana tsakanin gilasai biyu, kuma a nan ne na saɓa wa shawarar da aka saba bayarwa.

Shawarar da aka saba ji ita ce a sayi gilashin makro na milimita 90 zuwa 105, irin na Tamron, Sigma, Canon ko Nikon. Babu musu a kan kyansa. Yana iya sauke abu a kan farantin da ainihin girmansa, ta yadda idon ƙwaro da naɗaɗɗen bakinsa na tsotso za su cika hoto, kuma babu abin da ya kai shi a kan ƙananan shuɗɗan magarya. Amma don ka ci wannan amfanin sai bakin gilashin ya zo kamar santimita 15 zuwa 30 daga ƙwaron, kuma a wannan kusancin zurfin abin da ke fita a fili bai wuce kaurin ƙwayar gero biyu ba. Numfashinka ko 'yar iskar da ta kaɗa reshen ta isa ta ɓata hoton. Dole ka durƙusa, ka daidaita fuskar kyamarar da shimfiɗar fiffiken yadda za su yi daidai, ka rage ƙofar haske zuwa f/8 ko f/11, ka ɗauka da yawa don ka tsira da ɗaya. Wannan shawara ta fito ne daga ƙasashen da ƙwaro ke kwana cikin raɓa mai sanyi ya kai hantsi bai motsa ba. A Sakkwato za ta yi maka aiki na sa'a ɗaya da rabi bayan fitowar rana, sauran yinin kuma kana bin abin da ba ya jiranka.

Gilashi na biyu shi ne matsakaicin mai zuƙo wanda yawancin mutane ke ɗauka na hoton taro ne. Na Canon mai lamba 55-250 STM yana saita gani daga santimita 85, kuma a wannan nisan faɗin abin da yake kamawa kusan santimita 8 ne, wato na tumfafiya da fukafukansa a buɗe zai cika hoton daga gefe zuwa gefe. Na Nikon mai lamba 70-300 AF-P yana farawa daga mita 1.1, yana kama faɗin kusan santimita 11. Ma'anar wannan ita ce kana tsaye ko ka ɗan sunkuya, inuwarka ba ta kai ga ƙwaron ba, ƙafarka ba ta girgiza ciyawar da yake kai ba, kuma ko ƙaramin shuɗi ne, girman farantin ya ba ka damar yanke hoton ya fito da kyau. Ga na gindin lemu mai kaɗa fiffike, sai ka sa saurin ƙyaftawar kyamara 1/1000 na daƙiƙa ko fiye, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar hasken farantin, zuwa 400 ko 800, abin da wannan kyamara ke ɗauka ba tare da hoton ya lalace ba. Ga wanda ke zaune 1/500 ya isa. Gilashin ya fi makro araha ƙwarai, kuma zai yi maka aikin suna da walima. Idan daga baya sha'awar ƙananan abubuwa ta kama ka, akwai ƙaramin gilashin ƙari irin Raynox DCR-150 da ake maƙalawa a bakinsa ya kusanto da gani, kafin ka kai ga sayen makro na gaske. A ganina wanda zai sayi gilashi ɗaya tak don wannan aiki a ƙasarmu, wannan ya kamata ya saya.

Nauyin babbar kyamara ba a kafaɗa kaɗai yake ba. Duk sauya gilashi a fili ƙofa ce ga ƙura, kuma ƙurar da ta zauna a kan farantin tana bayyana a matsayin baƙaƙen ɗigo daidai lokacin da ka rage ƙofar haske, wato daidai yadda ake ɗaukar ƙwaro. Idan damina ta yi nisa kuma, laima tana sa gilashin da aka kulle a jaka ya yi fumfuna daga ciki, sai an ajiye shi a mazubi mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi. Akwai kuma idon jama'a. Mutum da waya a bakin lambu ba ya jan hankalin kowa, amma mai doguwar kyamara yana tsugune a gefen gona zai sa a yi tambaya, kuma a halin da ake ciki na rashin tsaro a wasu sassan jihar tambayar tana da hujja. Ka fara sallama ga mai wurin, ka ce, "Baba, barka da aiki, hoton ƙwarin nan nake so in ɗauka in ka yarda," ka nuna masa abin da ka ɗauka, ka kiyaye shukar geron da ta fara tsiro, domin a wannan lokacin taku ɗaya na ganganci asara ce ga mai gona. Sau da yawa shi ne zai nuna maka kwarin da suke taruwa. Kafin ka nufi wajen gari mai nisa ka tambayi mutanen wurin lafiyar hanya, kuma kada ka ɗaga kyamara kusa da shingen jami'an tsaro. Idan kana aiki a gindin tumfafiya ka kula da farin ruwanta, yana yi wa ido mummunan lahani, ka wanke hannu kafin ka kai shi fuska ko ka taɓa gilashi.

Akwai wanda kallon ne ya dame shi, hoton bai sha masa kai ba. Irin wannan ya nemi madubin hangen nesa mai gani kusa, kamar Pentax Papilio da ke saita gani daga rabin mita, ya haɗa da wayarsa da ɗan littafin rubutu. Zai ga yadda mace ke taɓa ganyen tafasa da ƙafafunta na gaba tana ɗanɗana shi kafin ta lanƙwasa ciki ta ajiye ƙwai ɗaya, abin da mai kyamara kan rasa saboda hankalinsa yana kan maɓallai.

Ga wanda bai taɓa gwadawa ba, ina ganin kada ya sayi komai a wannan daminar. Ya yi ta da wayarsa a gindin tumfafiya da bakin famfo, ya koyi matsowa ba tare da inuwa ba, ya san jinsi goma da ido. Hotunan da suka kuɓuce masa su ne za su gaya masa abin da yake buƙata. Idan ya ga abin da ke ba shi haushi shi ne ƙwarin suna tashi kafin ya isa, kuma yana yawo a kan babur cikin ƙura, ba ya son ɗawainiyar kaya, mai dogon zuƙo mai gani daga mita ɗaya ta ishe shi. Idan kuwa yana so ya buga hoton babba, ko ya kama wanda ke kaɗa fiffike, kuma zai iya kula da kayan, to babbar kyamara ta hannu da matsakaicin gilashi mai zuƙo. Makro na wanda ya riga ya saba fita da asuba ne, wanda ƙananan shuɗɗa da ƙwai da tsutsa suka zame masa abin nema. Wanda ya yi haƙuri har ƙarshen damina zai gwada zaɓinsa a kan baƙo, Vanessa cardui, wanda ke ƙetaro Sahara daga Turai ya hayayyafa a yankin Sahel wajen Satumba zuwa Nuwamba, mai saurin tashi ne kuma ba ya yarda a matso shi sosai.

Farashin waɗannan kaya yana bin dala, saboda haka yawancinmu na hannu za mu saya, kuma a nan ake yin asara. Kada ka biya sai ka ɗaura gilashin a jikin kyamarar da za ka yi aiki da ita, domin gilasan Nikon masu alamar AF-P ba sa aiki da tsofaffi irin D3100 da D3200, wasu tsofaffin gilasan kuma ba sa saita gani da kansu a kan ƙananan kyamarorin kamfanin. Ka haska tocilan ta cikin gilashin ka duba ko akwai zare-zaren fumfuna. Ka ɗauki hoton farin bango ko sararin sama a f/16 ka faɗaɗa shi don ganin ƙurar faranti. Sannan ka ajiye murfin kwalba a ƙasa, ka ja zuƙon har ƙarshe, ka riƙa matsowa har inda kyamarar ta kasa saita gani, ka auna wannan nisan da ƙafarka. Idan ya wuce mita biyu, ka nemi wata.